Na'urar Saita Sanyin Firiza: Abin da Na Gani a Wata Biyu

Tun azumin bara nake haɗa ruwan inabi a gida ina sayarwa, ban da zoɓo da tsamiya da na saba yi. Nakan sayo inabin a 'Yan Lemo ta Na'ibawa, in matse, in ɗan tafasa, in ɗura a gora. Sai ƙorafi ya fara zuwa, wai in gorar ta kwana biyu a firji sai a ga wani abu kamar ɓarɓashin gilashi a gindinta. Wata maƙwabciyata har gida ta biyo ni da gorar: "Maman yara, kwalba kika fasa a ciki ne?"

Ba kwalba ba ce. Inabi yana da sinadarin tsami da ake kira tatarik, irin wanda ke cikin tsamiya. In ya haɗu da fotasiyam ɗin da ke cikin ruwan ya ji sanyi, sai ya dunƙule ya kwanta. Ba ya cutarwa, amma je ka faɗa wa wanda ya biya kuɗinsa. Masu giyar inabi a Faransa sun daɗe da sanin maganinsa: su ajiye ta a sanyin kusan digiri 4 ƙasa da sifili na mako ɗaya ko biyu, abin ya zube, su tsiyaye. Ni babu ruwana da giya, dabarar kawai na ara. Sai dai nawa tunda babu barasa a ciki, wannan sanyin zai mayar da shi ƙanƙara, don haka sifili nake nema. Firji ba ya kaiwa can, firiza kuma tana zarcewa har 18 ƙasa da sifili.

Shi ya sa na sayi wannan 'yar na'ura a Sabon Gari. Ana jona ta a soket, a jona firiza a jikinta, a zura wayar da ke auna sanyi ciki. Na saita ta a kan 0. In sanyi ya kai sai ta kashe firizar, in sanyin ya ragu ta kunna, kuma tana jinkirta kunnawar na minti 3 saboda kwamfiresa, wato injin da ke sanyaya firizar. Wannan ya burge ni, da yadda wutarmu ke wasan ɓuya.

Jarka biyu na saka. A kwana 12 gindinsu ya yi ɓawo ja-ja mai ƙyalli, na tsiyaye a hankali tun da sanyinsa, don in ya yi ɗumi abin yana komawa ya narke. Ruwan ya fito garau, kaifin tsaminsa ma ya ɗan sauka. Tun daga nan babu wanda ya dawo min da gora.

Takardar cikin kwalin dai ba ta da amfani, rubutun kamar ƙafar kiyashi, sai ƙanena ne ya gane kanta. Wayar ma gajera ce, kuma tana hana murfin rufuwa ruf, sai da na liƙe wurin da salatif.

Zagaye na biyu ya faɗo a zafin Afrilu. Aka ɗauke wuta kwana biyu cur, na buɗe jarka na ji ta yi "fuss", ga kumfa a sama, ga wani wari da ban yarda da shi ba. Ban ko ɗanɗana ba, duka lita 20 ɗin na juye a kwata. Yanzu firizar tana kan solar maigidan, shi kuma fankar falo ce ya haƙura da ita da rana.