Firaminista ko Shugaban Ƙasa: Wanne Ya Fi Mana?

Matasanmu na Agege da Idi-Araba sun san Dandalin Tafawa Balewa, amma kaɗan ne suka san irin kujerar da marigayin ya hau. Firaminista ne, daga 1957 har aka kashe shi a Janairun 1966. Ɗan majalisa ne shi ma, yana zama a zauren majalisa nan Legas, Awolowo da sauran 'yan adawa suna ja da shi ido da ido. Idan rinjaye ya kuɓuce masa, gwamnati ta faɗi.

Abin da ke burge ni ke nan. A Ingila, Firaminista Liz Truss ta fito da tsarin haraji da ya girgiza kasuwa a 2022, ko wata biyu ba ta cika ba ta sauka, ba juyin mulki, ba jini. Indiya ma, duk yawan harsunanta, tun zamanin Nehru, firaministanta na farko, take kan wannan tafarki.

Tsarin shugaban ƙasa da muka aro daga Amurka a 1979 yana da nasa alfanu. Ba ka cin zaɓe sai ka samu kashi 25 na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi, dole ka nemi kowa. Wannan ya yi maganin ciwon Jamhuriya ta Farko, lokacin da jam'iyyun NPC, AG da NCNC kowacce ta maƙale a yankinta. Sai dai tsadar kamfe ta yi yawa, kuma mai sayar da tumatir a Mile 12, komai tsananin da ya shiga, sai ya jira shekara huɗu kafin ya iya canza shugaba. Ni dai na fi karkata ga firaminista.