Sati shida da injin soya gahawa da ya iso gida yana kuka

Ranar da aka kawo kwalin babu wuta a unguwarmu. Da na daure na jira ta dawo, da na rage wa kaina rabin wahalar da na sha, sai dai wanda ya yi wata biyu yana jiran kaya ba ya jin wannan magana. Na yanke salatif, na zaro injin daga cikin soso, na ɗora shi a teburin baranda, na jona shi da inbata. Niyyata in ga gangar tana juyawa kawai, ba tare da na kunna zafi ba, don na san batiranmu ba za su ɗauki hita ba. Ina danna makunni ya kama wani ƙugi, zuuu, kamar taransifomar bakin layi da damina, a cikin ƙugin kuma akwai wani ƙwas da ke dawowa a kai a kai. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, injin markaɗe ka sayo mana?"

A hannun Baffana na koyi shan gahawa. Ya yi shekaru a Sudan, ya dawo da ɗabi'ar soya ta a ɗan kasko bisa gawayi, ya daka a turmi da busasshiyar citta, ya dafa a jabana, 'yar butar gahawa ta mutanen Sudan. Haka ni ma na yi ta yi na tsawon shekaru, kuma kullum matsalar ɗaya ce: wasu ƙwayoyin sun ƙone, wasu cikinsu ɗanye. Abin da ya sa na sayi injin ke nan. Na lantarki ne, mai ganga kwance da ke juyawa, yana cin giram 250 a zubi ɗaya, da ɗan gilashi na leƙe, da tiren da ke tara ƙaiƙayi, da fankar sanyayawa. Na tabbatar wanda aka turo mai aiki da bolt 220 zuwa 240 ne. Duk mai shirin oda ya kula da wannan, domin da yawa daga cikin injinan nan an ƙera su ne don Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce mai bugu 50. Taransifoma tana rage bolt, ba ta canja bugun, kuma akwai irin moton da gudunsa ke bin bugun wutar, sai ka tarar ganga tana juyi da rashin kashi ɗaya cikin shida na saurinta.

Wani zai ce ina ruwanka da ƙara, in dai yana soyawa. To, gahawa da kunne ake soya ta. Idan ƙwayar ta kai wajen digiri 196, tururin da ke cikinta yana fasa ta, ka ji tas-tas kamar gugguru amma a hankali. Daga wannan fashewar ake fara ƙirgen sauran lokacin. Idan aka bar ta ta kai wajen digiri 224 sai fashewa ta biyu ta zo, ita kuma siririya ce, kamar ana karya tsinken tsintsiya, daga nan zuwa gawayi kuwa ba nisa. Injin da ya cika maka kunne da ƙugi ya ƙwace maka awon da ya fi kowane mita amfani.

Da aka kawo wuta da daddare na sake gwadawa, sai ƙugin nan ya ragu ƙwarai, ya koma ɗan gurnani da ba ya hana hira. A nan na gane laifin farko nawa ne. Inbatarmu irin mai arhar nan ce, wadda wutarta ba ta fita sumul kamar ta gari, a datse take fita, kuma moto ba ya son irin wannan wuta: zai yi ƙugi, ya yi zafi. Ko fankar ɗakinmu haka take yi idan aka ɗauke wuta, na saba ne har na daina ji. Amma ƙwas ɗin yana nan daram.

Kafin in taɓa ko noti ɗaya na ɗauki bidiyo na tura wa dillalin ta WhatsApp, saboda takardar garanti ta ce buɗe murfin baya yana soke ta. Kwana uku shiru. A na huɗu ya amso da layi ɗaya, wai sabon inji haka yake, zai daina da kansa. Na yarda, don ina son in yarda. Na ƙona injin babu komai a ciki sau biyu yadda littafinsa ya ce, don warin masana'anta ya fita, sannan na zuba gahawa. Minti biyar ɗin farko ƙwas ne kawai. Da zafi ya hau sai ga wani sabon kuka, ƙiii, ƙarfe na gugar ƙarfe, yana ƙaruwa har haƙorana suka fara tsami. Ban ji fashewar farko ba sam. Hayaƙi ne ya sanar da ni na wuce wuri, na juye giram 250 na gahawar Habasha baƙi ƙirin, mai na naso a jikinta. Wannan asara ta fi yi mini ciwo fiye da ƙarar.

Washegari na ɗauki injin zuwa shagon wani dattijo mai gyaran fanka da injin wanki a bayan layinmu. Bai taɓa ganin irinsa ba, bai kuma yi kamar ya sani ba, abin da ya ƙara mini natsuwa da shi. Ya kunna, ya yi shiru yana kallon gangar, yana kaɗa yatsa duk lokacin da ƙwas ya fito. Can ya ce, "Alhaji, motonka lafiya lau. Duba, sau ɗaya yake bugawa a kowane zagaye na ganga. Moto yana gudu ninkin wannan sau da yawa, giya ce ke rage masa. Da shi ne ko boris ɗinsa, da ka ji ƙarar a jere ba hutu." Ya ɗauki dogon sukundireba, ya dafa bakinsa a jikin murfin ta wajen moton, ya kafa kunne a mariƙin, kamar likita da abin sauraren ƙirji. Ya matsa gaba ta inda sandar ganga ke shiga, ya miƙo mini in ji. A wajen moton sai zuu mai laushi. A wajen sandar kuwa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Na sake aika wa dillalin wannan bayani da sabon bidiyo, na ce ko ya ba ni izinin buɗewa a rubuce ko ya karɓi kayansa. Cikin awa ɗaya izini ya zo. Muka cire wuta, muka kwance noti shida, sai ga abin a fili. Tsakanin sandar giya da sandar ganga akwai ɗan kwalaren ƙarfe da ke haɗa su, ɗan ƙaramin noti mara kai ne ke riƙe shi, wanda ake ɗaurewa da alanki. Sandar tana da gefe guda da aka shafe ya zama bai ɗaya, a nan ya kamata notin ya zauna. Nawa ya saki, ya zame zuwa gefen da yake zagayayye, shi ya sa duk juyi sai gangar ta ɗan faɗi ta buga. Sakin nasa kuma ya bar gangar ta gusa gaba har ta kusa manne wa farantin fuska. Tana da sanyi akwai ɗan sarari kamar kaurin takarda. Da ta yi zafi ƙarfen ya buɗe, sararin ya rufe, kukan ya tashi. A jikin farantin ga zanen gugar nan kamar jinjirin wata, yana sheƙi.

Gyaran bai kai minti goma ba. Muka saka tsohon katin banki tsakanin bakin ganga da faranti, kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba, muka tura gangar baya, muka daidaita notin a kan shafaffen gefen, ya ɗaure tamau. Kada a zarce da sararin, domin idan ya yi yawa ƙananan ƙwayoyi za su riƙa maƙalewa a ciki, ka samu wata sabuwar ƙarar. Wuri ɗaya muka yi gardama da dattijon. Ya ɗauko gwangwanin giris ɗinsa zai shafa a inda sandar gaba ke zama, na riƙe masa hannu. Ya ce, "Haba Alhaji, da shi nake gyara komai a shagon nan." Na ce, "Baba, wannan abin sha ne zai zauna kusa da shi a cikin zafin digiri 200." Giris ɗin mota zai narke ya yi hayaƙi, gahawa kuwa ba ta raina wari, duk abin da ta shaƙa sai ta kai shi kofi. Sai da na yi sati kafin na samo wanda ake sa wa injinan abinci, mai jure zafi, na ɗiga kamar ƙwayar gero.

Daga ranar zuwa yau na yi zubi goma sha huɗu. Yanzu abin da ake ji shi ne shaa-shaa na ƙwayoyi suna zubowa a cikin ganga, kuma fashewar farko tana fitowa sarai tsakanin minti tara da goma, ko ina tsaye a bakin ƙofa. Suyar tana fita launi ɗaya, abin da kasko bai taɓa ba ni ba. Ina zuba giram 250 in kwashe kusan 212, ragin nan ruwa ne da ƙaiƙayi, kuma daidai yake ga matsakaiciyar suya. Nakan bar ta kwana uku zuwa huɗu a kwalba kafin in niƙa, don iskar da suya ta tara a cikinta ta fita; wadda aka sha a ranar ɗanɗanonta bai gama zama ba. Na gwada ta Yirgacefe daga Habasha, na gwada wadda wani aboki ya kawo mini daga tsaunin Mambila a Taraba. Ta Mambilar ta ba ni tsoro sau ɗaya, na ji ƙararrawa a cikin ganga na ce shi ke nan ciwo ya dawo, ashe tsakuwa ce ta biyo buhu. Tun daga nan sai na baza a faifai na tsince, yadda ake yi wa wake.

Akwai abubuwan da har yanzu ba su gamsar da ni ba. Fankar sanyayawa ba ta da ƙarfi, sai ta yi minti shida ko bakwai gahawa na ci gaba da dahuwa da zafin jikinta, don haka nake juyewa a rariyar ƙarfe gaban fankar tsaye. Tiren ƙaiƙayi ƙarami ne, dole a zubar bayan kowane zubi, in ba haka ba ƙaiƙayin nan busasshe yana iya kamawa da wuta. Idan wutar gari ta yi ƙasa da yamma, suyar minti goma sha biyu takan koma sha shida, ta fito salam babu ƙamshi, shi ya sa nake yi bayan asuba. Babban abin tsoro shi ne a ɗauke wuta ganga na cike da zafi: tana tsayawa, na ƙasa ya fara ƙonewa. Safar hannu da rariya kullum suna gefena saboda haka. Littafin da ya zo da shi kuwa shafi takwas ne, babu layi ko ɗaya a kan ƙara, babu hoton cikin injin, kuma alankin da ya dace da notin nan ba ya cikin kwalin.

Da za a ce in sake saye, zan saya, injin kansa ƙarfe ne mai kyau kuma moton bai taɓa yin laifi ba. Amma ba a hannun wannan dillalin ba. Kaya ya yi doguwar tafiya, jijjiga na iya kwance noti, ban riƙe shi da wannan ba. Abin da na riƙe shi da shi shi ne "zai daina da kansa", maganar da ta ci mini zubi guda, da na ci gaba da bin ta kuma da gangar ta cinye farantin.

Juma'ar da ta wuce na kai wa Baffa ta Mambilar, suyar kwana huɗu. Ya zuba a tafin hannu, ya juya ƙwayoyin da yatsa yana neman ƙonanniya bai samu ba, ya ce a kawo turmi. Da ya kurɓa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini kofin ya ce, "Suya ta yi, ɗana. Citta ce ka yi wa rowa."