Ƙafafun canji ga keken fiksi: duba hob kafin ka duba launin rim

Keken fiksi, wato wanda ba shi da firiwil, feda tana juyawa muddin taya na juyawa, yana cin ƙafar baya fiye da keken da aka saba gani. Ƙarfin tuƙi ta hob ɗin baya, wato cibiyar ƙafar da sifok ke kamawa, yake bi, ƙarfin tsayawa ma ta nan yake bi. Shi ya sa wili, wato ƙafar da aka haɗo da keke mai araha, bai cika daɗewa ba: ko zaren hob, inda ake murɗa sufuraket, ya cinye, ko sifok su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya.

Cikin ƙafafun canji masu sauƙin kuɗi, haɗin da ya fi dacewa shi ne hob ɗin Formula na Taiwan, sifok 32 gaba da baya, ɗauri mai giciye uku, a kan rim mai bango biyu irin Sun CR18. Ba shi da kyan gani, gaskiya, amma yana jure rami, kuma duk mai gyaran keken da ya iya ɗaurin sifok zai daidaita shi. Hob ɗin Novatec ma yana wannan sahu.

Dalilin fifita hob yana cikin zarensa. A gefen fiksi, wato gefen hob da ake ɗaura sufuraket, akwai zare hawa biyu. Na ciki, mai faɗin inci 1.37 da zare 24 a kowane inci, shi ne na sufuraket, ana ɗaure shi ta dama. Na waje ya ɗan fi ƙanƙanta, inci 1.29, shi ne na zoben kulli, kuma ta hagu ake ɗaure shi. Idan mahayi ya danne feda baya don rage gudu, sufuraket yana son kwancewa, sai ya tura zoben, zoben kuwa ƙara ɗaurewa yake yi. Hob maras suna mai laushin alminiyam, zarensa gajere ne, hawa uku ko huɗu kawai zoben ke kamawa. Rana ɗaya ana birki da ƙafa sai zaren ya zame gaba ɗaya, feda ta tafi a banza, kuma hob ɗin ya gama aiki ke nan, ba a gyara shi. Kafin ka biya kuɗi, ɗaura sufuraket da zobe da hannu ka ji: ya kamata su shiga sumul, ba tare da girgiɗi ba. A kula kuma, zoben Campagnolo da na Miche inci 1.32 ne. Zai hau kan Formula kamar ya yi daidai, amma bai kama ba, kuma shi ne zai lalata zaren.

Sau da yawa ma laifin ba na hob ba ne, na ɗauri ne. A shafa giris a zaren, a ɗaure sufuraket da ƙarfi sosai da sifanar sarƙa, sannan zobe da nasa sifanar mai ƙugiya, ba da guduma da sukundireba ba. A hau keken a taka da ƙarfi na ɗan lokaci ba tare da danne feda baya ba, a sauka a sake ɗaure zoben, domin sufuraket zai ƙara shiga ya bar rata. Wannan 'yar ratar ce ke kashe zare.

Yawancin waɗannan hob fuska biyu gare su. Idan akwai zaɓi, ɗauki mai fiksi a duka gefen biyu. Firiwil yana hawa gefen fiksi lafiya lau, amma gefen firiwil ba shi da wurin zoben kulli, don haka ba a sa masa sufuraket ɗin fiksi. Ga kuma riba: in gefe ɗaya ya lalace, sai a juya ƙafar.

Sai awo. Faɗin wurin da hob ke shiga a bayan firam ɗin fiksi milimita 120 ne, a gaba 100. Idan tsohon keken tsere aka mayar fiksi, bayansa 126 ne ko 130, to sai aksul ɗin ya zama mai tsawon da zai ɗauki wasa, wato zoben cike rata, a kowane gefe: milimita 3 ga na 126, milimita 5 ga na 130. Layin sarƙa kusan milimita 42 ne daga tsakiyar keke. In ya kauce da yawa sarƙa za ta riƙa ƙara, tana iya faɗuwa, faɗuwar sarƙa a fiksi kuwa hatsari ne. Sarƙar inci 1/8 tana hawa sufuraket ɗin 3/32, amma siririyar ba ta hawa mai kaurin. Ƙafar baya kuma da noti mai ɗaukar sifana 15 ake kulle ta, don shi ya fi riƙo idan sarƙa ta ja aksul gaba.

Wurin da masu saye suka fi faɗawa rami shi ne girman rim. Abin da ake nema 700c ne, wanda lambarsa ta gaskiya, wato girman rim a milimita, 622 ce. Inci 27 na tsofaffin kekunan tsere 630 ne. Inci 28 na Raleigh da Phoenix da aka sani a kasuwanninmu 635 ne, alhali a Turai ana rubuta inci 28 a jikin tayar 622 ma. Kada a yarda da inci. A karanta lambobi uku na ƙarshe da ke jikin taya, kamar 622 a cikin 28-622.

Game da rim mai zurfi mai launi, irin Weinmann DP18 ko Velocity Deep V, masu zurfin kusan milimita 30: suna da ƙarfi, ba a musu, amma DP18 nauyi gare shi, ana jin sa duk lokacin da za a tashi daga tsaye, kuma a fiksi ba giyar da za a sauko don samun sauƙi. Suna kuma buƙatar tiyub mai dogon bawul, milimita 48 ko fiye, wanda ba kowane shago ke ajiye shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne, da yawansu an fente su har gefe, ba a goge wurin da robar birki ke kamawa ba. Birkin gaba wajibi ne ga mai hawa titi cikin motoci da babura, don haka rim ɗin gaba dole ya zama mai gogaggen gefe. Wanda ke da ɗan ƙarin kuɗi, H Plus Son Archetype ya fi su duka daɗin hawa: faɗinsa milimita 23, taya mai faɗin milimita 28 tana zama a kansa da kyau. A hanya mai ramuka, taya 28 ko 32, in firam ya ba da wuri, tana kare rim fiye da kowane zurfi.

Akwai hob ɗin Formula mai rufaffen boris, abin da ke taimakawa lokacin ƙurar hunturu. Idan ya fara gurnani, lambarsa tana jikin robar da ta rufe shi, sai a nemi irinsa wurin masu sayar da boris na injuna. Hob mai buɗaɗɗen boris ba laifi ba ne, sai dai daga masana'anta yakan zo a matse kuma da ƙarancin giris, dole a buɗe a gyara tun kafin hawa.

Babban aibin duk wili mai araha shi ne inji ne ya ɗaure shi, sifok ba su ja daidai da juna ba. Sifok su zama na ƙarfe maras tsatsa, kauri milimita 2, kawunansu na tagulla, domin na alminiyam suna cinyewa a bakin sifana. Da zarar an kawo ƙafafun, a kai wa mai ɗaurin sifok ya matsa su biyu-biyu da hannu, ya daidaita jansu, ya cire karkata. A ƙyasta kowane sifok da yatsa: a ƙafar gaba, da ta baya mai fuska biyu, sautinsu ya kamata ya zo kusan ɗaya, wanda ya yi ƙasa ya saki. A cire siririyar robar da ke cikin rim a sa tef na yadi, don robar tana zamewa daga ramukan sifok ta huda tiyub ta ciki. Bayan mako biyu ana hawa, a koma a sake dubawa, har da zoben kulli.