Greenwich ko Portsmouth: ina ya fi dacewa a ga kayan mutuwar Nelson?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya cewa zai yi 'yan kwanaki a Ingila, yana da yini ɗaya tak da zai ware domin ganin abubuwan da suka rage daga ranar da aka kashe Admiral Horatio Nelson, kwamandan sojojin ruwan Birtaniya, kuma ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich da Victory, jirgin yaƙin Nelson da ke Portsmouth. Malam, wuraren nan biyu labarin rana ɗaya suke bayarwa, wato 21 ga Oktoba, 1805, lokacin da jiragen yaƙin Birtaniya 27 suka gwabza da na Faransa da Sifaniya 33 a kusa da Trafalgar da ke gaɓar tekun Sifaniya, amma ɗaya ya riƙe tufafin da mutumin ya faɗi a cikinsu, ɗayan kuma ya riƙe inda ya faɗi.

A Greenwich, abin da kowa ke zuwa gani shi ne kwat ɗin da ke jikinsa sa'ad da wani ɗan bindiga daga saman jirgin Faransa mai suna Redoutable ya harbe shi, da misalin ƙarfe ɗaya da kwata na rana. Ramin harsashin yana nan a kafaɗar hagu, kuma ƙanƙantarsa ce ke fara girgiza mai kallo, domin ta wannan 'yar kafa harsashin ya ratsa huhu ya karya ƙashin baya. A ƙirjin rigar akwai taurarin girmamawa huɗu da aka ɗinka, hannun dama kuma yana da ɗan maɗauri da ake maƙale shi, saboda Nelson ya rasa wannan hannu tun 1797 a Tenerife. Akwai tabon jini a gindin rigar da hannun hagu, kuma abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne bayanin cewa ana kyautata zaton jinin magatakardansa ne, John Scott, wanda harsashin igwa ya kashe tun farkon faɗan. Ke nan rigar da aka adana domin tunawa da babba tana ɗauke da shaidar wani wanda mutane kaɗan suka san sunansa. Gidan tarihin yana kuma riƙe da wandonsa wanda aka yanka da almakashi domin a cire masa shi, da safarsa, da gashin ƙeyarsa da aka yanke bayan ya cika. Rigar ta bi ta hannun masoyiyarsa Emma Hamilton, daga baya Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya saye ta kan fam 150 a 1845 ya ba da ita kyauta ga Greenwich.

Portsmouth kuwa ba kallo ta bayan gilashi ake yi ba, shiga ake yi. Victory, wanda aka saka a ruwa a Chatham a 1765 kuma ya shiga yaƙin da igwa 104, yana zaune a busasshen mazauni tun 1922. A hawan sama akwai ɗan allon tagulla a daidai inda Nelson ya faɗi, daga nan sai mutum ya yi ta gangarawa yana sunkuyo har hawan da ke ƙasa da layin ruwa, inda likita William Beatty ya yi aikinsa cikin hasken fitila, inda kuma Nelson ya yi kusan sa'a uku yana jinya kafin ya rasu wajen ƙarfe huɗu da rabi, bayan an sanar da shi cewa an yi nasara. Ƙuncin wurin da duhunsa suna fahimtar da mutum abin da rubutu ba zai iya ba. Sai dai adalci ne a faɗa cewa yawancin katakon jirgin an sauya shi a gyare-gyaren da aka yi ta yi tsawon fiye da shekara ɗari biyu, kuma a 'yan shekarun nan ana wani babban gyara da ya sa aka sauke dogayen turakunsa. Wurin dai shi ne, amma ba kowane katako da ka taka ne ya ga ranar ba, alhali zaren rigar Greenwich shi ne ainihin wanda harsashi ya huda.

Harsashin da kansa ba ya ɗaya daga cikin wuraren biyu. Beatty ya ciro shi daga gawar, ɗauke da ɗan zaren adon kafaɗar rigar, an miƙa shi ga Sarauniya Victoria a 1844, yanzu yana cikin kayan masarauta a fadar Windsor.

Ta fuskar ɗawainiya, Greenwich a cikin Landan yake kuma shiga babban gidan tarihin kyauta ne, sannan 'yan taku kaɗan daga nan akwai zaure mai zane-zane da ake kira Painted Hall inda aka ajiye gawarsa jama'a suka yi ban kwana kafin jana'izarsa a majami'ar St Paul ranar 9 ga Janairu, 1806. Portsmouth na buƙatar tikiti da tafiyar jirgin ƙasa daga Landan ta kusan sa'a biyu.

Tunda tambayarka a kan kayan mutuwarsa ce, ni Greenwich zan tura ka ba tare da wata-wata ba. Ka je da safe kafin cunkoso, ka ba rigar lokacinta, kuma kada ka tsaya a ramin kafaɗa kaɗai, ka sauke ido zuwa gindinta ka nemi tabon jinin Scott.