Furotin ɗin makarɓan serotonin da ake sayarwa don bincike: wanne ya cancanci kuɗinsa?

Kamfanonin da ke sayar da kayan ɗakunan gwaje-gwaje sukan jera makarɓan serotonin na ɗan'adam, wato furotin ɗin da ke jikin ƙwayar halitta masu kama serotonin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, a ƙarƙashin suna guda, alhali abin da ke cikin kwalaben ya sha bamban ƙwarai, kuma wannan bambancin ne ke sa wani mai bincike ya yaba, wani kuma ya yi asarar kuɗi da lokaci. Dukansu ana samar da su ne ta hanyar dasa ƙwayar gadon ɗan'adam a cikin wata halitta domin ta ƙera furotin ɗin, sai dai halittar da aka zaɓa da yanayin da aka ɗura kayan su ne ke yanke hukuncin ko zai yi aiki.

Makarɓan serotonin sun kasu gida bakwai, daga 5-HT1 zuwa 5-HT7. In ban da 5-HT3, wanda ƙofa ce ta shigar sinadaran gishiri mai sassa biyar, sauran duka suna ratsa tantanin ƙwayar halitta har sau bakwai, sannan su miƙa saƙo ga wani furotin mai isar da saƙo da ke ciki, wanda ake kira furotin G. Furotin mai irin wannan siffa ba ya tsayuwa da ƙafarsa idan aka raba shi da kitsen tantanin da yake zaune a ciki, kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Duk wanda zai saya ya kamata ya riƙe wannan a ransa kafin ya duba farashi.

Mafi araha shi ne wanda aka samar a cikin bakteriyar E. coli. A mafi yawan lokuta gutsure ne kawai na makarɓin, wato ɓangaren da ke leƙowa waje ko wanda ke cikin ƙwayar halitta, an maƙala masa wani ƙarin gutsure da ake kira alamar His ko GST domin a sami sauƙin tace shi. Ba na ganin laifin wannan kaya idan ana son tayar da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki mai gane wani abu takamaimai, ko a tabbatar cewa antibodin da aka saya yana gane abin da aka ce yana ganewa. Laifin yana wurin talla, domin wasu shafukan sayarwa suna rubuta sunan makarɓin da manyan baƙaƙe, sai can ƙasa mutum ya tarar da jerin amino asid da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na furotin ɗin ba. Cikakken 5-HT2A yana da amino asid 471, 5-HT1A kuma 422, kuma ramin da magani ke shiga yana tsakanin sassan da ke ratsa tantani ne, don haka gutsuren da ba shi da waɗannan sassa ba zai kama serotonin ba ko da an ce tsabtarsa ta wuce kashi 90 cikin ɗari.

Kayan da na fi gamsuwa da shi shi ne tantanin da aka ciro daga ƙwayoyin halitta da ake renonsu a ɗakin gwaji, HEK293 ko CHO, waɗanda aka sa su ƙera makarɓin da yawa. Yana zuwa a daskare cikin busasshiyar ƙanƙara, kuma idan aka buɗe akwatin ba a ganin komai sai 'yar ƙaramar kwalba mai ɗigon ruwa fari-fari a gindinta, wanda idan ya narke yake zama gurɓi-gurɓi. Ba a tace furotin ɗin ba, yana nan cikin kitsensa tare da kolestarol, abin da aka daɗe da sanin cewa 5-HT1A yana buƙata domin ya kama sinadari yadda ya kamata. Da irin wannan tantani ake yin gwajin kamun magani da sinadarai masu ɗauke da tritiyam, wato haidirojin mai fitar da radiyeshin da ake iya aunawa, irin su 8-OH-DPAT ga 5-HT1A, ketanserin ga 5-HT2A, da mesulergine ga 5-HT2C. Kamfanin da ya san aikinsa yakan haɗo takardar da ke nuna adadin Bmax (yawan makarɓan da ke ciki) da Kd (ƙarfin kamunsu) na ainihin zubin da ya aiko, tare da bayanin ruwan gwajin da aka yi amfani da shi. A nan ne nake auna mai sayarwa: na taɓa karɓar zubi biyu daga wani kamfani da takarda iri ɗaya sak, har da zanen sakamakon, alhali ƙarfin kamun na biyun ya gaza na farkon a fili. Takardar da ba ta canzawa daga zubi zuwa zubi ado ce kawai.

Dalilin da ya sa ake nacewa a kan na ɗan'adam, maimakon a niƙa ƙwaƙwalwar ɓera kamar yadda aka saba a da, yana da tushe mai ƙarfi. A makarɓin 5-HT1B, bambancin amino asid guda ɗaya tsakanin mutum da ɓera ya isa ya sauya yadda wasu magunguna irin su pindolol ke kama shi, kuma wannan makarɓi ne, tare da 5-HT1D, magungunan ciwon ɓarin kai irin su sumatriptan ke aiki a kansa. Haka nan 5-HT2B ya zama abin da aka saba dubawa a gwajin lafiyar sabon magani tun bayan da aka janye fenfluramine daga kasuwar Amurka a 1997 saboda lalata ƙofofin zuciya, aka kuma gano daga baya cewa tayar da wannan makarɓi ne sanadi. Ga mai irin wannan aiki, tantanin da aka tabbatar da ingancinsa ya biya kuɗinsa.

Mafi tsada shi ne cikakken furotin da aka tace, aka riƙe shi cikin sinadarin DDM, mai aiki kamar sabulu, haɗe da wani dangin kolestarol, ko aka dasa shi cikin ƙananan fayafayan kitse da ake kira nanodis. Yana da amfani ga masu nazarin siffar furotin da masu neman antibodin da ke gane makarɓin a naɗe. Sai dai a karanta jerin amino asid da kyau, domin siffofin 5-HT1B da 5-HT2B da aka fara wallafawa a 2013 an same su ne bayan an musanya wani lanƙwasan ciki na makarɓin da wani baƙon furotin mai suna BRIL, kuma kayan da aka gina bisa wannan tsari yana iya kama magani lafiya lau amma ya kasa haɗuwa da furotin G. Wanda ya tafasa samfurinsa kafin ya zuba a jel ɗin da ke rarraba furotin bisa girmansu, kamar yadda ake yi wa sauran furotin, zai ga komai ya dunƙule a saman jel ɗin ya ƙi sauka, ya ɗauka an sayar masa da ruɓaɓɓen kaya, alhali ɗumi kaɗan kawai irin wannan furotin yake jurewa. Layi ɗaya a takardar bayani zai hana wannan, kuma ba kowane kamfani ke rubuta shi ba.

Ajiya ba ta da wani sirri: digiri 80 ƙasa da sifili, a kuma raba kayan ƙanana-ƙanana tun narkewar farko, saboda kowace daskarewa da narkewa tana rage ƙarfinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake sayar da 5-HT2C. Ƙwayar halitta tana gyara saƙon RNA na wannan makarɓi kafin ta ƙera shi, ta yadda ake samun nau'o'i da dama, daga INI wanda ba a taɓa ba zuwa VGV wanda aka gyara gaba ɗaya, kuma sun bambanta wajen yawan saƙon da suke aikawa ko da babu serotonin. Duk da haka akwai masu sayarwa da ba sa faɗin nau'in da ke cikin kwalbar, sai an rubuta musu an tambaya, kuma ina ba da shawarar kada a biya kuɗi kafin amsar ta zo a rubuce tare da cikakken jerin amino asid.