Maganin tsaida yoyon baƙin mai da na siya, ga yadda muka ƙare da shi

Jama'a wannan 'yar robar da masu kayan gyara ke tallatawa, wai ka zuba cikin inji yoyo ya tsaya, to ni dai na siya na gwada a tsohuwar Corolla ta. Kusan wata biyu kullum da safe sai na tarar da ɗigon baƙin mai a inda nake aje motar, har uwargida ta fara mita wai yara na takawa suna shigar mata da shi ɗaki. Na je siyan filta a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura, mai shagon ya ɗauko mani robar nan yana rantsuwa, "Alhaji zuba kawai, ko makanike ba sai ka nema ba." Kuɗinta kuwa ba arha ba.

Na zuba bayan na yi juye. Kwana uku cur na shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ban ga ko ɗigo ɗaya ba, har na je majalisa ina yabon abin ina cewa kowa ya siya. Allah ya yafe mani, don mutum biyu sun siya da bakina.

Ranar Asabar muka ɗauki hanyar Daura ɗaurin aure, mu biyar a mota har da Kawu a gaba. Muna wuce Mashi sai wani ƙauri ya fara shigowa, Kawu ya ce "kai yaro, wani abu na ƙonewa fa", ni kuma ina ta cewa ai ciyawa ake ƙonawa bakin hanya, sai ga hayaƙi siriri na fitowa ta gefen bonet. Na faka jikina na rawa. Ina buɗewa na ga mai ya jiƙa gefen injin yana ɗiga kan bututun salansa yana cuwww kamar ana suyar ƙosai. Na zaro geji, mai ya sauka har ƙasan alamar. Sai da na hau mashin na koma cikin Mashi na siyo lita ɗaya, muka isa Daura an shafa fatiha an watse. Kawu har muka dawo Katsina bai ƙara ce mani uffan ba, wannan shirun ya fi hayaƙin ciwo wallahi.

Washegari na yi abin da ya kamata tun farko. Na bari injin ya huce, na wanke shi tas da omo da tsohon buroshi, ya bushe, na saci hodar uwargida na barbaɗe jikinshi, na tada mota minti goma. Mai ya zana layi baƙi cikin farar hodar nan, na bi layin sama sama har ya kai ni bakin murfin saman inji. Ashe duk wata biyun nan ina leƙen ƙasa ne a banza, mai daga sama yake gangarowa ya taru a gindin inji ka ɗauka can ne ciwon. Sifana mai lamba 10 kaɗai na yi aiki da ita na cire murfin. Gasket ɗin, wato robar da ke tsakanin murfin da inji mai hana mai fita, ya bushe ƙamas, ina taɓa shi ya karye kamar ƙanzo, har ramin fulogi biyu sun cika da mai. Na goge wurin, na sa sabo, na ɗaure notikan kaɗan kaɗan ina tsallakewa daga wannan gefe zuwa wancan, don in ka matse da ƙarfi sabon ma zai fashe. Woshar notin juye ita ma ta lotse, na canza.

Tsakani da Allah ba zan ce maganin jabu ba ne. Da na zauna na karanta jikin robar, aikinshi ya tausasa sil, wato robar da ke tare mai cikin inji, wadda ta fara bushewa ta ɗan kumbura, kuma 'yar damshin da nake gani wajen fuli na gaba, inda bel ke zagayawa, ta ragu sosai, wannan na yarda. Kwana ukun da ya ruɗe ni kuma yawon cikin gari ne, daga gida zuwa kasuwa, mai bai yi zafin da zai tsinke ba.

Amma fa duk na tuna kuɗin sai raina ya sake ɓaci, don gasket da woshar gaba ɗaya ba su kai kuɗin robar nan ba. Na koma shagon na faɗa mashi abin da ya faru, buɗar bakinshi sai cewa ya yi "ai Alhaji ba ka ce mani daga sama yake yoyo ba." Kai da ka rantse, ka tambaye ni? Ko sannu bai ce ba, sai ma ya jawo wata roba wai wannan ta fi waccan ƙarfi. Yau kwana tara kwalin nan fes yake, abokan majalisa biyun nan kuma har yanzu ina zille masu.