Babban Jariri Bayan Tiyata: Naƙuda ko Sake Aiki?

Matar da aka taɓa yi wa aikin ciro jariri sau ɗaya, aka yanka ƙasan mahaifa a kwance, tana iya gwada haihuwa da kanta. Kusan uku cikin huɗu suna dacewa. Amma idan jariri ya haura kilo 4, damar tana raguwa: kafaɗa kan maƙale, tsohon ɗinki kan iya yagewa, musamman idan an ɗaura ruwan naƙuda. Don Allah kada a gwada a gida, sai asibiti mai ɗakin tiyata da jini a ajiye.

Sake aiki a mako na 39 yana kawar da wannan fargaba, sai dai jinya ta fi tsawo, kuma mabiyiya kan iya manne wa tabon a ciki na gaba. Sikanin ma yakan kuskure nauyin jariri.